Keken da Ba Ya Shiga Kabad

Allurar ta ce ƙas ta karye, keken ya yi 'yar ƙara irin ta wayar da caji ya ƙare mata, ya tsaya cik. Mai Bargo ta ɗage ƙafarta daga kan feda, ta zamo da tabarau kan hanci, ta dubi mai shagon ta saman gilashin.

"Ta biyu ke nan," in ji ta.

Mai shagon wani kakkauran mutum ne mai zobba biyu a yatsu da turare mai hawa kai. Ya yi murmushin da iyakarsa leɓe, amma ba ita ya duba ba. 'Yarta ya duba, Auta, wadda ke tsaye a gefe da jakar ofis a kafaɗa da makullin mota a hannu. Tun da suka shigo haka yake yi: uwar ta yi tambaya, ya juya ya ba 'yar amsa. Ya sake jera wa Auta abin da ya riga ya jera sau biyu, wai keken nan yana da zanen ɗinki ɗari biyu a cikinsa, yana rubuta suna a jikin riga, yana zura wa kansa zare, ga allo a gabansa kamar na waya, ga mariƙi a samansa, mutum ya ɗauka da hannu ɗaya kamar jakar zuwa unguwa. Ya ce laifin ba na keke ba ne, abin da Mama ta cusa masa ne ba a yi shi dominsa ba.

Abin da ta cusa masa kuwa ɗan guntun bargo ne, bai fi faɗin faranti ba, wanda ta haɗa da hannu jiya da rana musamman don wannan fitar. Samansa ƙyallen wandon jins ne da kakin 'yan makaranta, an haɗa su yadda gaɓoɓi huɗu suka gamu a wuri ɗaya suka yi tudu. Tsakiya auduga ce mai kauri, ƙasa kuma tsohon zanen gado. Ta janyo shi daga ƙarƙashin takalmin keken, zare ya biyo shi a cukurkuɗe kamar sheƙar tsuntsu. Ta sa taƙi ta auna filin da ke tsakanin allura da gindin keken. Yatsun ba su gama buɗewa ba suka taɓa roba.

"Bargon babban gado, in na naɗe shi, ya kai cinyarka kauri," ta ce da mai shagon. "Ta ina zai wuce a nan?"

"Umma, ai ba dole sai manya za ki riƙa yi ba," Auta ta ce a hankali. "Ga na jarirai, ga rigar filo."

Mai Bargo ta shiga tsince cukurkuɗaɗɗen zaren daga jikin guntun bargon.

Shekara talatin da ɗaya ke nan tana ɗinkin bargo, har ainihin sunanta ya ɓace a unguwa. Yara da manya, har mai kawo takardar wuta, Mai Bargo suke ce mata. Ta fara ne da ƙyallayen da teloli ke zubarwa, lokacin da 'ya'yanta biyar suke ƙanana, sanyi na shigo musu ta ƙasan ƙofa. Daga baya mutane suka fara kawo mata nasu kayan: rigunan da suka yi wa yara kaɗan, labulen tsohon gida, kayan aikin uban da ya yi ritaya, irin abubuwan da ba sa sawuwa kuma zuciya ba ta yarda a yar ba. Ita sai ta yayyanka su, ta baje a ƙasa, ta yi kwana uku tana zagaya su tana sauya musu wuri, sannan ta hau tsohon kekenta na ƙafa ta mayar da su abin da mutum zai lulluɓa da shi har jikokinsa su gada.

Wata uku da suka wuce santsi ya kwashe ta a banɗaki. Gwiwar dama ta tsage, aka yi aiki aka sa ƙarfe. Likita ya ce tafiya za ta yi da sanda, amma ta manta da taka keken ƙafa. Bai san wadda yake faɗa wa ba. Mako guda da sallamarta ta gwada, ta yi layi ɗaya, ta kwana biyu ba ta iya taka ƙasa ba. Tun daga nan keken yake rufe da zani, buhuna bakwai na kayan mutane suna jingine da bango, kowanne da sunan mai shi a takarda. 'Ya'yanta suka yi ta waya a tsakaninsu, daga ƙarshe aka turo Auta, da yake ita ce a gari, ta ce Umma ta tattara ta koma wurinta. Sau biyu ana maganar, sau biyu Mai Bargo tana cewa ba inda za ta. A karo na uku Auta ta zo da fara'arta ta ce an bar zancen, a je kawai a zaɓo keke mai lantarki, ita za ta saya mata. Shi ya sa yau ta nemi izini a ofis ta ɗauko uwar tun da hantsi.

Mai shagon, ganin ciniki na neman suɓuce masa, ya ƙara ƙaimi. Ya dafa keken kamar mai dafa kan ɗansa.

"Mama, ki kwantar da hankalinki, Hajiya 'yarki ba da ka ta zaɓa ba," in ji shi. "Tun ranar Talata ta zo da abin awo ta auna shi tsawo da faɗi, ta ce daidai yake da kabad ɗin ɗakin da aka gyara miki a gidanta. In kin gama ki ɗaga ki sa, ki rufe, ba ma wanda zai san akwai keke a ɗakin."

Auta ta runtse ido. Mai shagon ya dubi wannan ya dubi waccan, ya gane ya yi suɓul da baka, ya shiga gyara wayar keken da ba abin da ya same ta.

Mai Bargo ta ninke guntun bargonta biyu, ta sake ninkewa, ta shafa shi a kan cinya. Ba ta saba faɗa a gaban baƙi ba, balle da 'yar da ta haifa, don haka ta lalubi sandarta ta miƙe. Niyyarta ta fita ta nemi motar haya ta koma gida.

A lokacin ne ta ji ƙarar. Daga bayan wani labulen roba a ƙarshen shagon take fitowa, gurnani mai nauyi, mai tafiya daidai, irin wanda mutum ke ji a tafin ƙafa kafin ya ji a kunne. Ya yi gudu, ya tsaya, ya sake ɗauka. Ta tambaya mene ne can. Mai shagon ya ce ɓangaren masu kujeru ne da masu jakunkuna da tamfol, ba abin da ya shafe ta a wurin. Kafin ya rufe baki ta riga ta kama hanya, sanda na ƙwanƙwasa tayil.

Bayan labulen ba tayil ba fanka. Siminti ne da ya sha baƙin mai, kwalaye jibge har rufi, ga warin man keke da ta yi wata uku ba ta shaƙa ba. Makanikin shagon, wani siririn dattijo mai furfura, yana zaune gaban wani keke ruwan toka da ya gama haɗawa a kan tebur mai ƙafafun ƙarfe, ledar jikinsa ma ba a gama ɓarewa ba. Yana gwada shi da tamfol ninki huɗu. Wuyan keken dogo ne. Ta kwantar da hannunta a filin, daga gwiwar hannu har kan yatsu, kamu guda cur, har da saura.

Ta gaishe shi, ya amsa ba tare da ya ɗago ba. Ta ajiye guntun bargon kusa da hannunsa. Ya ɗauka, ya juya bayansa, ya matsa tudun da babban yatsa, ya duba yadda kusurwoyi huɗun suka haɗu ba wadda ta zarce 'yar'uwarta. Sai a lokacin ya ɗago ya dube ta sosai. Ya tashi ya goge kujerarsa da tsumma ya tura mata.

Ya nuna mata takalmin keken, ya ce biyu ne, suna takawa ɗaya bayan ɗaya kamar ƙafafun mutum, suna jan yadin sama daidai da yadda haƙoran ƙasa ke jan na ƙasa, don haka auduga ba ta zamewa, bargo ba ya tattarewa. Ta ce aikin da yatsunta suka yi shekara talatin suna yi ke nan, har farcen wannan ya daina fitowa daidai, ta nuna masa. Ya yi 'yar dariya.

Ta ɗora ƙafar hagu a kan feda ta taka yadda ta saba taka nata. Keken ya zabura kamar babur a hannun ɗan koyo. Guntun bargon ya fizge daga yatsunta, ya bi ta ƙarƙashin allura ya fice ta baya ya faɗi ƙasa, tabarau ya zame mata. Auta, wadda ta biyo ta tare da mai shagon, ta yi salati ta riƙo kafaɗarta. Mai shagon ya ce ai ya faɗa, wannan na ƙarti ne, ƙarshenta Mama ta ɗinke yatsunta da yadi.

"Sake ni," Mai Bargo ta ce da 'yarta. Ta juya ga makanikin. "Malam, gudunsa ke nan, ko yana jin magana?"

Ya durƙusa ƙarƙashin teburin ya daddanna wani abu a jikin injin, ya ɗauko guntun ya karkaɗe ya miƙa mata. Ya ce ta taka kamar tana tsoron tada jariri daga barci. Ta goge tafin hannunta a zani. Ta taka. Allura ta sauka, ta tashi, ta sauka, ɗaya bayan ɗaya, a natse. Ta ƙara kaɗan. Tudun jins ya matso, ta riƙe numfashi yadda ta saba a irin wurin, inda tsohon kekenta sai ta juya masa wili da hannu tana lallaɓa shi. Wannan kuwa ya hau tudun ya sauka, ko muryarsa bai sauya ba. Ta kai ƙarshe ta juyo ta yi layi na biyu, ta yi na uku a karkace da gangan, ta zagaya ta yi da'ira. Ta cire ta duba baya. Zare ya kwanta luf, kowane taku daidai da na gabansa.

"Wannan nake so," in ji ta.

Makanikin, da yake ba mai ɓoye-ɓoye ba ne, ya ce akwai abu ɗaya da ya kamata ta sani. Ƙarfen da ke ɗaga takalmi a ƙarƙashin tebur yake, kuma da gwiwar dama ake tura shi. Auta ta cafe maganar tun kafin ta faɗi ƙasa, ta ce to ga shi nan, gwiwar da likita ya hana ta motsawa da ƙarfi. Mai Bargo ta tambayi makanikin ko doka ce sai dama. Ya sosa ƙeya, ya sake leƙawa, ya ce in an lanƙwasa ƙarfen an ƙara masa tsawo zai iya dawowa hagu, aikin awa ɗaya ne ko biyu.

Auta ta roƙi mazan su ba su wuri. Da labulen ya rufe, ta ajiye jakarta a kan kwali ta tsuguna gaban uwar, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta ce keken nan ya fi firij nauyi, ba ɗakin da zai ɗauke shi a gidanta, ga maigidanta a gida yake aikinsa, ƙarar ba za ta bar shi ba. Mai Bargo ta ce ta sani, ita ma ba gidan Auta ta ce a kai shi ba.

"Umma, ni na ɗauke ki daga ƙasan banɗakin nan," Auta ta ce, idonta ya kawo ruwa. "Awa huɗu kina kwance cikin ruwa. Da maƙwabciya ba ta ji ki ba fa? Ni aka kira, a gabana aka ɓalle ƙofar. Tun ranar, in wayata ta yi ƙara a ofis sai gabana ya faɗi. Su Yaya suna can nesa suna ba da umarni, ni ce nake gani da idona. Laifi na yi don na gyara miki ɗaki?"

Mai Bargo ta daɗe tana kallon 'yar. Ta ga ramar da ta yi a wuya, ta ga furfura biyu a gaban goshinta da ba ta taɓa lura da su ba, tausayinta ya kama ta har ta kusa miƙa hannu. Ta san ɗakin. Mai kyau ne, da taga mai kallon bishiya, da banɗaki a ciki. Ta kuma san yadda yini zai riƙa wucewa a cikinsa: a kawo mata abinci, a ɗauke kwano, jikoki su leƙo su gaishe ta su gudu, ta ɗinka rigar filo ɗaya ta yi maza ta mayar da keke kabad kafin surukinta ya fara taronsa na waya.

"Ba ki yi laifi ba," ta ce. "Amma kin auna kabad, kin auna keke, ni ce kawai ba ki tambaya ba. Awa huɗun nan da kike faɗa, ni na kwanta su, ba ke ba. Kin san abin da nake tunani a ƙasan nan? Ba mutuwa ba. Buhunan mutane nake tunani, ina cewa in na tafi yanzu, ku biyar ɗin nan ba wanda zai san wane ƙyalle ne na wa, ƙarshenta ku ba mai shara. Zan iya sake faɗuwa, ban musa ba. A gidanki ma akwai ƙasa."

Auta ta share ido da bayan hannu ta miƙe. Ta ce in haka ne, ita ba za ta sa hannunta a sayen abin da zai ajiye uwarta ita kaɗai a bene ba. Mai Bargo ta ce dama ba hannu rabbana ta zo ba. Ta zuge jakarta ta fito da katinta na banki, wanda Auta da kanta ta koya mata aiki da shi bara, ta ɗaga murya ta kira mai shagon.

Da ya ji wanda za a saya, nan take Mama ta koma Hajiya a bakinsa, Auta kuwa ya manta tana wurin. Ya ce shi dama tun shigowarta ya gane ƙwararriya ce. Ta ce ya haɗa mata da allurai masu kauri da kwarkwaro goma da mai, sannan ya daina kiran abin can na roba keken bargo, kada wata baiwar Allah ta zo ta yarda.

Sai bayan azahar makanikin ya gama da ƙarfen. Duk tsawon lokacin Auta tana cikin motarta, gilashi a rufe, waya a kunne, hannunta na sama da ƙasa. Ba sai an faɗa wa Mai Bargo da wa take magana ba, don tata wayar ma ta shiga ruri a jaka: babban ɗanta, sannan mai bi masa, sannan babban kuma. Ta bar ta ta yi ta yi. Da aka ɗora keken a bayan motar ɗaukar kaya aka ɗaure da igiya, Auta ta fito ta buɗe mata ƙofar motarta. Mai Bargo ta wuce ta, ta sa makanikin ya tallafa mata ta hau gaban motar kayan, ta ce direbobin nan ba sa ganin rami sai an nuna musu. Hawan ya ci mata gwiwa har ta ga duhu-duhu, ta cije leɓe ta zauna.

A hanya wayar ta sake ɗauka. Wannan karon ta amsa. Babban ɗan ya fara da cewa shi bai san me ke faruwa ba, amma ya kamata a zauna a yi magana ta hankali. Ta ce masa tana cikin motar kaya, ba ta jin komai sai ƙarar ƙarfe, ya gaida yara, ta kashe. Direban ya ƙunshe dariyarsa. Makanikin, wanda ke matse a tsakaninsu da akwatin kayan aiki a cinya, ya ce shi ma nasa 'ya'yan shekara uku ke nan suna ce masa ya huta, yana ce musu wata mai zuwa. Ta yi murmushi, amma ba ta daɗe da shi ba. Da suka tsaya a danja ta dubi hannuwanta a kan sanda, ta tuna yadda keken ya fizge mata yadi ɗazu, ta tambayi kanta, in aka wayi gari ƙafar hagun ma ta ce ta gaji fa, me za ta ce wa 'ya'yan nan biyar? Ta madubin gefe tana hango ƙaramar farar motar 'yarta biye da su, ba ta matso ba, ba ta kuma yi nisa ba.

Gidanta a hawa na farko yake, matakala goma sha shida. 'Yan dako biyu suka cire kan keken daga teburin suka hau da shi suna nishi, suka dawo suka kinkimi teburin. Maƙwabta suka firfito. Maƙwabciyar da ta ji kiranta ranar da ta faɗi ta riƙe haɓa ta tambaya ko masana'anta za a buɗe musu a bene. Mai Bargo ta ce ƙwarai kuwa, ana ma neman ma'aikata, in tana so ta kawo takardunta.

A cikin gida aka gamu da cikas. Ɗakin ɗinkin yana ƙarshen wata siririyar hanya mai kwana, teburin kuwa dogo ne. Aka gwada shi a tsaye, aka gwada a kwance, aka cire ƙofa, aka ɓare fentin bango, ya ƙi juya kwanar. Makanikin ya auna ya girgiza kai, ya ce ko an kwance ƙafafun, allon sama ba zai wuce ba sai an yanke shi, shi kuwa ba da hannunsa za a yanke sabon tebur ba. 'Yan dakon suka dire shi a tsakar falo suna share gumi. Ɗayansu ya ce in mayarwa za a yi, a faɗa musu tun mota ba ta tafi ba.

Auta, wadda tun shigowarta take jingine da ƙofa, ta ɗan gyara tsayuwa. Ba ta yi murmushi ba, amma uwarta ta ga kafaɗunta sun sauka.

Mai Bargo ta dubi falon. Ƙarami ne. Doguwar kujera ta cinye bangon da ke ƙarƙashin taga, wadda marigayi maigidanta ya saya shekarar da aka haifi Auta, aka sake mata riga sau uku. A kanta yake zama ya saurari labarai, a kanta 'ya'yan ke jeruwa in sun zo gida, gefe ɗaya har yau a lotse yake daidai inda yake jingina. Ta daɗe tana kallon wurin. Sannan ta ga yadda hasken taga ke sauka a kai tarwai, hasken da ɗakin ɗinkinta bai taɓa samu ba ko da tsakar rana.

"Ku fitar da kujerar," in ji ta.

"Umma, kujerar Abba?"

"Shi ya gama zama a kanta." Muryarta ta ɗan karye, ta gyara ta da tari. "A sa a mota a kai gidanki. Kin gyara ɗaki, kada ya zauna haka ba komai."

'Yan dakon suka dubi Auta. Mai Bargo ta buga sanda a ƙasa ta ce gidan nan nata ne, ita za su duba. Suka ɗaga kujerar. A ƙarƙashinta aka sami ƙura, da murfin biro, da cokalin shayin da aka yi shekaru ana zargin jikoki da ɓatarwa.

Makanikin ya ɗora kan keken a tebur, ya zuba mai, ya daidaita ƙafa ɗaya da guntun kwali, ya sa ta tura ƙarfen da gwiwar hagu sau biyar har ya gamsu. Ya rubuta lambarsa a jikin kwalin allurai, ya ce in keken ya yi mata gardama ta kira shi, kada ta bar kowa ya taɓa. Suka sauka, aka ji motar ta tashi da kujerar a baya. Falon ya koma wani iri. Keken ya cinye rabinsa, abin zama kuwa sai kujerarta ta aiki.

Auta ta ce za ta tafi, yara sun kusa tashi daga darasin yamma. A daƙile ta faɗa, ba ta kalli uwar ba. Ta ce gobe mai gyaran famfo zai zo ya kafa ƙarfen dafawa a banɗaki, kuma wannan ba shawara ba ce. Mai Bargo ta ce ya zo, amma bayan sha biyu, da safe aiki take yi.

Ta dogara sanda ta shiga ɗakin ɗinki ta fito da bargon da faɗuwar ta katse mata, na wata malamar makaranta da ta kawo kayan 'ya'yanta uku, tun daga rigunan jarirai har na gama sakandare. An riga an haɗa shi an kakkama da ɗinkin hannu, layin keke kawai yake jira. A ƙasa ta jawo shi don ba ta iya ɗauka, ta kuma ƙi kallon wajen ƙofa, kada a ce taimako take nema. Ta zauna, ta naɗe gefe ɗaya ta zura a wuyan keken, ya shige har da sarari. Gwiwar dama na mata zogi kamar ana soka ƙusa, zufa ta tsattsafo mata a goshi. Ta taka.

Layi na farko ya tafi sumul har rabi. Daga nan bargon da ya wuce ya taru a bakin teburin ta baya, ya fara zamewa ƙasa yana jan sauran, layin ya soma karkacewa a ƙarƙashin hannunta. Sai ta ji makulli ya faɗi a ƙasa. Jan ya tsaya. Ba ta ɗago ba, amma ta gefen ido ta ga hannuwa biyu, ɗaya da agogo, sun tallafe bargon ta bayan tebur.

Ta kai ƙarshen layin, ta tura ƙarfen da gwiwa, ta juya bargon. Auta na tsaye da jaka a kafaɗa, bargo cike da hannuwanta har haɓa, fuska a murtuke.

"Minti biyar kawai zan yi," in ji ta.

"To ɗaga sama kaɗan," Mai Bargo ta ce, tana daidaita allura a kan layi na biyu. "Kina ja mini."

Auta ta ɗaga. Ta sa yatsan ƙafa ta zame takalmi ɗaya, ta zame na biyun, ta ture su gefe, ta gyara tsayuwa.